Kulli a Wuyan Hannu

Kwana sha ɗaya da fara tsinkar zaitun,
a gangaren gonarmu mai kallon tekun Kirit,
tsani ya zame, na miƙa hannu
kamar ƙasa tsohuwar abokiya ce za mu gaisa.
Ƙas!
Na san ƙarar tun ina yaro,
haka reshe yake yi in 'ya'ya sun fi ƙarfinsa.
Wannan karon reshen a jikina yake.

Argiro ta yar da kwando, ta naɗe hannun da gyalenta,
faɗa da kuka, ban san wanne ya rinjaya ba.
"Shekara sittin da bakwai, Manusos,
kana hawan bishiya sai ka ce akuya!"

A asibitin Retimno
Likita Fotini ta ɗaga hoton ƙashin ga haske.
Na ga kaina fari fat, ba fata, ba gashi, ba suna,
sai wani siririn layi baƙi inda na rabu biyu.
Na ce, "Busasshen itace in ya karye, sai murhu."
Ta ce, "Wa ya ce maka busasshe ne?
Ɓargo ne a cikinsa, can ake haifar jininka kullum.
Tun kuna hanya aka fara aiki.
Jini ya taru ya daskare a bakin karayar,
kumburin da kake tsine wa, maginan ne suka cika wurin.
Nawa jerawa ne da ɗaurewa.
Ɗorin gaske daga ciki ake yinsa."

Mako shida cikin farin siminti.
Maƙwabta suka shimfiɗa raga, suka kaɗe bishiyoyina,
ina zaune kan dutse ina ba da umarnin da ba mai ji.
Jikata Leniyo ta zana akuya a kan simintin,
mai ƙafa biyar.
Ƙaiƙayi ya shiga inda yatsa ba ya kai,
na saci allurar saƙar Argiro, aka kama ni.
Cukwi da safe, ƙananan kifi da ƙayarsu da dare,
wai tubali ne ake aika wa masu gini.

Dare in ya tsala nakan kasa kunne.
Ba guduma, ba zarto,
sai zugi a hankali, kamar wani yana numfashi a ɗakin kusa.

Hoto na biyu: gajimare ya rufe baƙin layin.
"Guringuntsi ne," in ji ta, "gada mai taushi.
Kar ka yi mata gaggawa, tana kan zama dutse."

Ranar da aka yanke simintin
hannun ya fito siriri, yana wari, kamar na aro.
Na tsorata da shi.
Ta ce, "Ba shi aiki, kaɗan-kaɗan.
Ƙashi yana jin nauyi, inda aka taka shi nan yake ƙara kauri.
Akwai masu sassaƙa a ciki, akwai masu yaɓe,
za su shekara suna gyara abin da gaggawa ta gina."

Da bazara na koma gangaren da wuƙata.
Na tsaga kututturen zaitun na jeji,
na cusa masa reshe mai daɗi, na ɗaure tam, na shafe bakin.
Shekara hamsin ina wannan aure tsakanin itace da itace,
ina cewa ni na haɗa su.
Ashe ni ma jerawa nake yi.

Kafin in sauko na tsaya gun bishiyar da mahaifina ya aura.
Kullin yana nan, ya yi kauri, ya yi gansakuka.
Na ɗora wuyan hannuna a kai,
kulli bisa kulli.

Argiro ta kwala kira daga ƙasa.
Ta ɓoye tsanin, har yau ban gano inda ba.